Amana da Rigakafi a Dakon Kaya daga Farin Gada

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana kai komo a zukatan 'yan kasuwa masu tsoron Allah, wadda ba kasafai ake kai ta gaban malamai ba domin kowa yana ganin kamar ya san amsarta, alhali kuwa saboda jahiltarta dukiyoyi masu yawa sun salwanta, zumunci mai yawa ya yanke. Mas'alar ita ce: idan mutum zai danƙa kayansa a hannun wani don ya kai masa su gari mai nisa, shin neman shaida a kansa, da rubuta sunansa, da binciken asalinsa, munana zato ne irin wanda addini ya hana, ko kuwa yana daga cikin abin da addinin ya yi umurni da shi? Idan kuma ya bar binciken ya ce ya dogara ga Allah, sa'an nan aka cuce shi, tawakkali ya yi ko sakaci?

Wanda yake son ya ga wannan mas'ala a aikace, to, ya je kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, a kan hanyar Zariya cikin garin Jos. Can ne amfanin lambunan ƙasar Filato yake taruwa: tumatir a kwanduna, kabeji da karas da koren wake da kokwamba a buhuna, da koren tattasai, da dankalin Turawa irin wanda ake nomawa a ƙasashen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Sanyin tsaunuka ne ya ba ƙasar wannan baiwa, kuma har kududdufan da masu haƙar kuza suka bari sun zama abin ban ruwa ga manoman rani. Daga nan 'yan dako suke jidar kayan a ka da kafaɗa, 'yan lodi suna jera su a manyan motoci da ƙanana, waɗansu za su Abuja, waɗansu Anaca da Aba da Fatakwal ta hanyar Akwanga da Lafiya da Makurɗi, waɗansu kuma sai kasuwar Mile 12 a Legas. Galibin masu kayan ba sa bin motar. Mutum zai tsaya yana kallon jarinsa duka, wani lokaci har da na bashi, ya fita daga kasuwa a bayan direban da ƙila bai taɓa ganinsa ba sai yau, ba abin da ya rage a hannunsa sai lambar waya da addu'a.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne irin kayan. Mai safarar hatsi ko fata yana iya jinkirta lodi har ya natsu da motar da zai ba, amma mai tumatir ba shi da wannan sarari, domin tun daga sa'ar da aka tsinke shi daga jikin uwarsa yake raguwa, kowace rana da ta faɗi kuwa da wani kaso na riba take faɗuwa. Saboda haka mai kayan gwari a kullum cikin gaggawa yake, kuma duk wanda ya san halin 'yan damfara ya san babu ƙofar da suka fi shiga ta cikinta kamar gaggawa, sai ko kwaɗayi.

Magabatanmu sun san haɗarin hanya fiye da mu, amma wannan nau'i na haɗari bai dame su kamar yadda ya dame mu ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro suna tafe ne tare da jakunansu, watanni a hanya, ƙarƙashin madugu wanda kowa ya san gidan ubansa. Idan sun sauka zango kuma akwai fatoma, watau maigidan da yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ci bashinsa, domin abincin fatoma duka a kan sunansa yake, in ya ɓaci sau ɗaya ba ayarin da zai sake sauka gidansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙaramin jirgi kuma ya haɗa Zariya da Jos a 1914, babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai mai kaya ya fara rabuwa da kayansa, amma aka ba shi takarda mai hatimi, kuma tashar da ta karɓa tana nan ba ta gudu. Sa'an nan motoci suka gaje aikin, aka rufe ƙaramin layin a 1957, babban ma ya yi ta rauni. Yau kuma ga wayar hannu, wadda ta sa mutum yana iya ƙulla cinikin miliyoyi da muryar da bai san fuskarta ba. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya kawo sauƙi na haƙiƙa wanda ya cancanci godiya, kuma kowanne ya ƙara nisa tsakanin mai amana da wanda ya ba shi ita.

Ga yadda zambar take zuwa mafi yawan lokaci. Mai kaya yana tsaye kan kwandunansa, hantsi ya ɗaga, motar da ya saba da ita ta makale a hanya. Sai ga wani mutum da shiga mai kyau, da tasbaha a hannu, ya yi sallama ya ce, “Alhaji, na ji kana neman mota. Akwai tamu ta sauke kaya za ta koma kudu ba lodi, kawo ko nawa ne, kuɗin mai kawai muke nema.” Kuɗin da ya faɗa bai kai na kowa ba. Sai ya nemi kafin alƙalami don a sha mai, ya ba da lambar asusu da sunan da ba nasa ba, ya ce na ƙaninsa ne. Idan mai kaya ya nuna alamar jinkiri, sai ya ɓata fuska ya ce, “Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne? Ai mu duka Musulmi ne.” Da wannan kalma ɗaya ya mayar da mai bincike mai laifi, kunya ta kama shi, ya tura kuɗin, daga nan wayar ta mutu.

Wannan ita ce mafi sauƙi, domin kafin alƙalami kawai ta ci. Akwai wadda motar take zuwa da gaske, a yi lodi a ɗaure, amma lambar da ke jikinta ta aro ce, kayan kuma a wata kasuwa dabam za a sauke su a sayar. Akwai ɗan kamashon da yake karɓar lodi da cikakken kuɗin mota, sa'an nan ya miƙa shi ga wani direba a kan rabin kuɗin, da alkawarin za a cika masa a can; direban ya isa, ya ce ba zai kwance igiya ba sai an biya shi, mai karɓa ya ce an riga an biya, su biyun duka masu gaskiya ne, suna ta jayayya tumatir yana tsiyaya, macucin kuwa yana wani gari. Akwai direban da zai bugo waya da dare ya ce mota ta faɗi a Hawan Kibo, ko 'yan fashi sun tare su, alhali ya rage buhuna ne a hanya. Akwai wanda zai kai tsakiyar daji ya tsaya ya ce sai an ƙara masa kuɗi, domin ya san kayan ba sa jira. Akwai kuma saƙon banki na bogi, wanda ake nuna wa mai kaya a fuskar waya, ya saki kayansa, sai daga baya ya tarar ba abin da ya shiga asusunsa.

Kada wani ya zaci wannan cuta ta ƙananan kasuwanni ce ko ta baƙar fata. A 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin tashar Legas ɗauke da siminti da gwamnati ta yi oda fiye da abin da tashar za ta iya saukewa, kuma a cikinsu akwai tsofaffin jirage da aka turo don kawai su ci kuɗin jira. A watan Janairu na 1980 wani katafaren jirgin dakon mai da ake kira Salem ya nutse a teku daura da Sanagal, aka ce ya tafi da ɗanyen man da ya ɗauko daga Kuwait; da aka bincika sai aka gane an riga an sauke mafi yawan man a ɓoye a Durban ta Afirka ta Kudu, aka cika cikin jirgin da ruwan teku, aka nutsar da shi da gangan. Irin waɗannan ne suka sa aka kafa hukumar yaƙi da zambar jiragen ruwa ta duniya a Landan a 1981. Dabarar mai jirgin nan da ta direban da ya ƙirƙiri haɗari a Hawan Kibo guda ce: a ci amana, sa'an nan a jingina laifin ga ƙaddara.

To, me addini ya ce? Game da wanda aka ba kaya, magana a fili take. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i, ya wajabta mayar da amana ga masu ita, kuma hadisi ingantacce ya lissafta cin amana cikin alamomin munafunci tare da ƙarya da saɓa alkawari. Wajabcin bai tsaya kan amanar Musulmi kaɗai ba. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira a shekara ta 622, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar suna cikin mutanen da suka ƙi addininsa suka kore shi daga garinsa. Suratu Ali Imrana kuma ta zargi waɗanda suke cewa babu laifi a kansu idan sun ci dukiyar wanda ba nasu ba. Wannan darasi yana da muhimmanci na musamman a Farin Gada, inda manomin ƙila Birom ne ko Anaguta ko Mwaghavul, dillalin Bahaushe, direban Babarbare ko Bafulatani, mai sayen kuma Ibo daga Anaca, a garin da ya ɗanɗani ɗacin fitina a 2001 da 2008 da 2010. Duk wanda ya cuci abokin cinikinsa don addininsu ko yarensu ba ɗaya ba, ya haɗa zunubi biyu, cin haram da zuba mai a wutar da bayin Allah suke ta wahalar kashewa.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa wannan babi tafsili mai ban sha'awa, wanda ya nuna sun san kasuwa kamar yadda suka san littafi. Asali a wurinsu, wanda aka yi hayarsa don ɗaukar kaya amintacce ne: idan kayan suka halaka ba da ta'addinsa ko sakacinsa ba, ba ya biya, kuma ana karɓar maganarsa. Amma sun keɓe mai dakon abinci, kamar yadda ya zo a Mudawwana ta Imam Sahnunu, wanda ya rasu a 854: shi an ɗora masa lamuni, ba a gaskata shi a kan cewa abincin ya halaka sai ya kawo shaida, ko kuma ya zamana mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Dalilinsu shi ne hannuwa suna saurin kaiwa ga abinci, kuma da an bar ƙofar a buɗe da kowane ɗan dako ya ci ya ce ya zube. Haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar nan suke karantawa a zaure tun zamanin kakanni, ta bayyana cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi da shi. Waɗannan malamai ba su ɗauki 'yan dakon zamaninsu duka ɓarayi ba. Sun duba maslahar jama'a ne, suka ga cewa sana'ar da babu hisabi a cikinta macuta ne za su gaje ta, su kori mutanen kirki.

Daga nan amsar mas'alarmu ta fara bayyana. Gaskiya ne Suratul Hujurati ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Amma a cikin wannan sura ɗin dai aka yi umurni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, don kada a yi abin da za a dawo ana nadama. Zaton da aka hana shi ne ka yanke wa mutum hukuncin mugunta a zuciyarka ba da hujja ba, ka kuma yaɗa shi. Neman tabbaci a mu'amala kuwa ba hukunci ba ne a kan kowa. Babbar hujja ita ce ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda aka saukar a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ta gargaɗi mutane kada su ƙosa da rubutawa ko abin kaɗan ne ko mai yawa. Waɗanda aka fara yi wa wannan umurni su ne Sahabbai, mafi gaskiyar al'umma. Idan rubutu tsakanin Muhajirai da Ansaru bai zama cin fuska ba, ta yaya zai zama cin fuska tsakanin mai tumatir da direban da suka haɗu yau da hantsi?

Batun tawakkali ma haka yake. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da 'ya'yansa za su koma Masar awon abinci, bai ba su ƙaninsu ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga gare su da sunan Allah, domin ya taɓa ba su amana bai ga da kyau ba; sa'an nan ya umurce su su shiga birnin ta ƙofofi dabam-dabam, kuma a cikin numfashi guda ya shaida musu cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah, gare Shi kaɗai ya dogara. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an umurce shi ya haɗa biyun. Saboda haka wanda ya ɗora jarin iyalinsa a motar da bai san mai ita ba, bai rubuta kome ba, bai tambayi kowa ba, sa'an nan ya ce ya bar wa Allah, ya bar sababin da Allah Ya umurce shi da riƙo ne, kuma tozarta dukiya abin ƙi ne a shari'a. Ladan haƙuri yana nan ga wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ƙaddara ta rinjaye shi.

Abin da ya fi hana mutanenmu bincike, a ganina, kunya ce, da tsoron kada a ce wane ba shi da kara. Kunya kuwa alheri ce, amma wadda take hana mutum kare haƙƙin da aka ɗora masa rauni ce, kuma ita 'yan damfara suke nema tun daga sallama. Akwai kuma wata kunyar da ta fi wannan ɓarna, ita ce ta mai tsaya wa wanda bai sani ba. An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa cinikin kuɗi. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. Sau nawa a tasha ake jin, “Ai yaronmu ne, ba shi kawai,” daga bakin wanda iyakar saninsa da yaron shan shayi a teburi ɗaya! Wannan kalma shaida ce, za a kuma tambayi mai ita, domin da ita aka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Rigakafin kuwa sananne ne ga tsofaffin 'yan kasuwa, sai dai gaggawa take sa a tsallake shi. Mota a neme ta ta hannun ƙungiyar direbobi ko ta masu motocin sufuri da shugabannin kasuwa, wurin da akwai littafi da wanda za a kama idan ta ɓaci. A dubi lasin direba, a gwada lambar da ke jikin mota da wadda ke cikin takardunta, a ɗauki hotonsu, a kuma ji muryar mai motar kansa ta lambar da aka samo daga wani bakin, ba wadda direban ya bayar kaɗai ba. A rubuta takardar lodi: adadin kwanduna da buhuna, alamar da ke jikinsu, kuɗin mota, abin da aka bayar da abin da ya saura, sunan mai karɓa, da sa hannun shaidu, kowa ya riƙe tasa. Kada a biya kuɗin duka tun mota ba ta tashi ba, kada kuma a tura su asusun da sunansa ya saɓa da na wanda ake ciniki da shi. Kada a saki kaya don an ga saƙo a waya sai mutum ya duba asusunsa da kansa. Idan kayan suna da yawa, a haɗa direba da yaro amintacce. Fiye da kome, a ji tsoron araha: tun 2022 da man dizal ya yi tashin gwauron zabo kowa ya san abin da tafiya Legas take ci, wanda ya yi tayin da bai kai kuɗin mai ba lalle akwai inda yake nufin ya fanshe. Mai gaskiya ba ya jin haushin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin takardar da ta kare mai kaya ita ce za ta kare shi ranar da aka yi masa ƙazafi. Wanda ya fusata don an nemi ganin lasinsa ya riga ya ba da amsa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren, domin amana ba a wuyan direba kaɗai take ba. Mai kayan da ya jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ya aikata ainihin abin da Manzon Allah ya tarar a kasuwar Madina, sa'ad da ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga jama'arsa. Wanda ya ce buhu ɗari ne alhali ya cusa ɗari da ashirin, ko ya matsa a yi lodin da ya fi ƙarfin mota har birki ya kasa a gangara, yana da kaso a jinin da ya zuba. Dillalin da ya karɓi kaya lafiya a kudu, ya bugo waya ya ce rabi ya lalace ko kasuwa ta faɗi don ya danne bambancin, ɓarawo ne ko da ana kiransa Alhaji. Wanda kuma ya bar direba da yaron mota kwana da kwanaki a bakin kasuwa suna bin sauran kuɗinsu, ya manta cewa jinkirin mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci ne. Ba ya kyautuwa mutum ya nemi a auna masa da mudun da shi ba ya aunawa da shi, kuma Suratul Muɗaffifina a kan masu wannan hali ta sauka.

Wani zai ce, ai takarda ma ana ƙirƙirarta, lasin ana buga na jabu, shaidu ana sayensu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa rubutu zai maye gurbin amana. Babu takardar da za ta bi mota cikin dare tsakanin Akwanga da Lafiya. A can babu mai gani sai Allah, kuma abin da yake isar da mafi yawan kayan Farin Gada lafiya, yau da gobe, shi ne taƙawar direbobi da yaran mota waɗanda ba wanda ya san sunansu, masu kwana a kan buhun da ya fi albashinsu daraja ba su taɓa shi ba. Aikin rubutu da shaida shi ne su taƙaita wa macuci fili, su rage wa mai rauni jarrabawa, su kuma raba mai gaskiya da maƙaryaci idan an yi saɓani. Yarda a kasuwa kamar rijiyar gari ce, kowa daga ita yake sha, wanda ya jefa ƙazanta a ciki kuwa ba mutum ɗaya ya cuta ba. Kowace damfara guda tana sa a ƙi ba saurayin direba mai gaskiya lodi don ba a san shi ba, a daina ba ƙaramin ɗan kasuwa kaya bashi, a rage wa manomi farashi don a cike asara, a ƙara wa mai cefane a can. Mai yin bincike, ashe, yana tsare dukiyar jama'a ne tare da tasa.

Saura magana a kan abin da ya wajaba bayan damfara ta auku. Da yawa suna yin shiru don kada a yi musu dariya, waɗansu kuma su ce sun bar shi da Allah. Yafe haƙƙin kai falala ce, amma ɓoye macucin da aka san gobe zai cuci wani ba ya cikin sitirtawar da aka yi umurni da ita, kuma malamai sun lissafta gargaɗin mutane daga mai cutarwa cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba giba ba ne. A kai magana ga shugabannin kasuwa da na tasha, su sanar da takwarorinsu na sauran garuruwa, a kuma kai ga hukuma. Tun kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an ware cin amanar mai dakon kaya aka yi masa hukunci na musamman. Shugabannin kuma su ji tsoron Allah a sulhun da suke yi, domin sulhun da yake ƙarewa da “a yi haƙuri” ba tare da an mayar da ko kwabo ba, don mai laifin yaron wani babba ne, goyon bayan zalunci ne. Shi kuma wanda ya ci, ya sani istigfari da yawan nafila da zuwa Umra ba sa sauke haƙƙin bawa. Sharaɗin tubansa shi ne ya mayar da abin da ya ci ga mai shi ko magadansa, ko ya nemi su yafe masa da yardar ransu.

Amsar mas'alar ke nan gwargwadon abin da nassi da fiƙihu suka nuna: kyautata zato aikin zuciya ne, neman tabbaci aikin hannu ne, kuma an umurci mumini da su duka biyu a ciniki guda. Abin da nake roƙo ga dattawan Farin Gada, da limaman masallatanta, da shugabannin ƙungiyoyinta, shi ne su mayar da rubutu da shaida al'adar kowa, a yi wa babba a yi wa yaro, a yi wa ɗan gari a yi wa baƙo, kuma manyan su fara miƙa nasu takardun kafin a tambaye su, domin ranar da aka wayi gari ana yi wa kowa, ba wanda zai sake jin an wulaƙanta shi, macuci kuma ya rasa kalmar da yake kunyata mutane da ita. Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a guminsu, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.